Ina Zuwa? Matafiyi a Littattafanmu, Daga Ayarin Gwanja Zuwa Jirgin Dubai

A cikin ƙagaggun labarai biyar da aka buga a Zariya a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, uku labarin tafiya ne tun daga bangon farko har na ƙarshe. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar Kwantagora neman ruwan magani. Ganɗoki ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas. Shaihu Umar kuwa sace shi aka yi yana yaro, daga baya aka ƙetara Sahara da shi. Ko Abubakar na Jiki Magayi sai da ya bar gari ya shiga dazuzzuka kafin ya samo abin ramuwar gayya. Shekara goma bayan haka Abubakar Imam ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, sannan a 1955 Malam Aminu Kano ya fitar da Motsi Ya Fi Zama. Rubutun zube na boko a kan hanya aka haife shi. Abin da ya sa muka tayar da wannan magana shi ne, in mai karatu ya buɗe littattafan da ke yawo a wayoyinmu yau, zai ga ana ta hawa jirgi ana sauka, amma da wuya ya ci karo da matafiyi.

Kafin mu kai ga littattafan, a dubi harshen da aka rubuta su da shi. Bahaushe ba ya barin tafiya haka nan ba suna. In don saye da sayarwa ce, fatauci ne. In damina ta wuce an bar gona an nufi birni neman na sawa a baka, cirani ne. In wurin malami aka nufa, an tafi gabas ko an tafi almajiranci. Akwai ziyara, akwai biki, akwai ganin gida, akwai aikin hajji, akwai ƙaura, akwai hijira. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da dalilinta a cikin sunanta, kuma dalilin nan shi ne lasisin barin gida. Wadda ba ta da dalili, ita ce aka jefa cikin buhun da ake kira yawo, kalmar da ba ta cika zuwa ita kaɗai ba sai da tsangwama: yawon banza, yawon dandi, yawon ta-zubar. Wanda aka ce ya shiga duniya, ai ba yabonsa aka yi ba. Shi ya sa da aka zo neman sunan da za a sa wa irin tafiyar da Turawa ke yi don kallo kawai, sai da aka yi wa yawo kwaskwarima aka ce yawon buɗe ido, wato aka laƙa masa amfani don ya samu shiga. Har gobe in ka sauka gidan ɗan'uwanka ba sanarwa, bayan an ba ka ruwa, abin da za a fara tambaya shi ne, “Lafiya dai ko?” Ba a tsammanin mutum ya ɗauko hanya don kawai ya ga gari.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu a nahawunmu da muke amfani da shi kullum ba mu lura. Wasalin “o” da muke liƙa wa aikatau yana juyo da aiki wajen mai magana: fita da fito, koma da komo, saya da sayo, aika da aiko, tafi da taho. Da wannan wasali ɗaya, kowace jimla tana nuna inda tsakiyar duniya take, kuma yawanci gida ne. Uwa ba ta ce wa ɗanta ya sami kuɗi, cewa take ya samo. Mai tafiya ba ya ban kwana da “na tafi” kawai, sai ya ce “sai na dawo”, a amsa masa da “a dawo lafiya”. Ba muna cewa wasali ne ke tilasta wa ɗan cirani komawa gida da faɗuwar ruwan farko ba. Gona ce ke kiransa, da iyali, da tsadar zaman birni. Amma harshe ya tanadar masa hanyar da zai yi tunanin tafiyar tasa a matsayin zagaye, ya kuma tanadi karin maganar da za a yi masa gori da ita in ya zarce: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A tsakanin fita da dawowa akwai hakkoki, kowanne da sunansa. Guzuri daga na gida, sallama daga manya, rakiya har bakin gari ko bakin tasha, masauki a can, tarya in an dawo, sannan tsaraba, wadda ita ce shaidar cewa an je kuma ba a manta da kowa ba. Duk wanda ya taɓa ganin alhaji yana lissafin hula da carbi da dabino da zamzam a daren da zai baro Makka, ya san tsaraba ba kyautar ganin dama ba ce. Bashi ne. Mutum nawa ne suka ƙara wata uku a Ikko ko Kumasi saboda kunyar shiga gida hannu rabbana?

Waɗannan kalmomi ba daga sama suka faɗo ba. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 gari ne guda mai tafiya da ƙafafunsa, yana wata da watanni a hanya, an ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro daga kasuwar Salaga. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai duba sa'ar tashi da rubuta wasiƙa, ga kuɗin fito da ake biya a mashigai da garuruwan sarakuna. Inda aka yada zango, nan gari ke tsirowa. Zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara da Sabo ta Ibadan duk jikokin wannan kalma ne ko na wannan ɗabi'a. Paul Lovejoy ya bi diddigin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, shi kuwa Abner Cohen tun 1969 ya nuna yadda maigida a Sabo ke sauke baƙon da ya kawo shanu, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Ma'ana, Bahaushe ya yi nisa ƙwarai a duniya, amma ya shirya tafiyarsa yadda duk inda ya sauka zai tarar da Hausa na jiransa: masallaci, mai shayi, mahauci, da wanda zai tambaye shi mutanen gida.

Nan ne ƙarfin Ruwan Bagaja yake, nan ne kuma rauninsa. Imam ya san dokokin baƙunci kamar tafin hannunsa, kuma kusan duk dariyar littafin daga karya su take fitowa. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna haɗuwa gari bayan gari, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami, irin tsarin da masu karatun zaure suka sani a Maƙamatul Hariri. Abin da ke ba su damar yin tsiyarsu shi ne baƙo mai rawani da carbi ba a tambayarsa takarda. Ana ba shi masauki, a kai shi fada, a yarda da shi. Baƙonka annabinka, in ji masu iya magana, su kuwa waɗannan biyu da wannan amana suke cin abinci. Sai dai a tambayi wanda ya karanta littafin sau biyar ya bambanta garuruwan da aka ratsa. Da wuya. Ko'ina akwai sarki da fadawa da alƙali da kasuwa, ko'ina Kwantagora ce aka canza mata suna. Jarumin ya yi shekaru yana tafiya, ya dawo da ruwan da dukiya, amma idonsa bai ga komai da ya girgiza shi ba. Wannan shi ne matafiyin zango: ya je ko'ina bai bar gida ba.

Ganɗoki na Bello Kagara, wan Imam, ya fara da ƙafa a ƙasa. Kashin farko tarihi ne da mutane suka gani da idonsu: Nagwamatse, shigowar Nasara, da gudun da ya ƙare a Burmi a 1903. Da labarin ya wuce nan, sai ƙasa ta ƙare masa, aka shiga duniyar aljannu da yaƙe-yaƙen da takobi ɗaya ke gamawa da runduna. Mun daɗe muna jin haushin wannan juyi, domin ainihin abin da ya faru da mutanen da suka wuce Burmi ya fi kowane aljani ban mamaki. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, ya kai jama'arsa har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Dubban masu niyyar hajji da ƙafa sun bi wannan hanya, suna tsayawa noman auduga a Jazira don neman guzurin gaba, shekara ta zama goma, goma ta zama zuriya. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan mutane, waɗanda aka haifa a Sudan, suna kiran kansu masu kan hanyar Makka. In ana neman misalin yadda suna ke riƙe mutum, ga shi nan. Muddin tafiyar sunanta hajji, to ba a yi ƙaura ba, ba a kuma watsar da gida ba, ana kan hanya ne kawai. Wannan labari har yau yana jiran marubucin ƙagaggen labari da zai ɗauke shi da muhimmancin da ya kamace shi.

Shaihu Umar ne kaɗai a cikin ukun ya san cewa hanya tana cin mutum. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tafiyar da ba guzuri, ba sallama, ba rakiya, wato tafiyar bawa. Umar ya tashi a gidan Abdulkarim a ƙasar Larabawa, ya yi karatu, ya zama malami, kuma ko da ya juyo, ba garinsu ya koma ba, a Rauta ya zauna yana ba da karatu. Zagayen bai rufe ba. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne uwarsa. Mace ce ta fita ita kaɗai neman ɗanta, aka yaudare ta, aka bautar da ita, aka yi ta wucewa da ita hannu zuwa hannu har Tarabulus, ta ga ɗan nata tana dab da barin duniya. A duba jerin sunayen tafiya da muka kawo a sama, a nemo wanda ya dace da tata. Ba fatauci ba ce, ba biki ba, ba ganin gida ba, ba yaji ba. Al'ada ta ba mace tafiye-tafiye masu yawa, kuma duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954 ya san matan da ba sa zama wuri ɗaya: suna, aure, gaisuwar mutuwa, goyon ciki. Sai dai dukkansu daga gidan wani namiji ne zuwa gidan wani namiji. Wadda ta fita ba ta cikin wannan layi ba ta da madugu, ba ta da maigida mai tsaya mata, duk wanda ya tsince ta ya tsinci dami a kala. Ɓalewa bai yi wa'azi a kan wannan ba, ya dai bar mu mu gani, shi ya sa shafukan nan suka fi sauran littafin nauyi.

Akwai wani matafiyi da ya riga su duka, wanda ba a cika sa shi a manhaja ba. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sannan ya isa Ingila a 1855. J. F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Dorugu ba shi da zango a Landan, ba mai shayi, ba wanda zai ce masa sannu da zuwa da harshen uwarsa in ban da abokin tafiyarsa Abbega. Dole ta sa ya buɗe ido, ya dubi Turawa da cimarsu da zamansu kamar yadda su suka saba duban mu. Imam da Aminu Kano sun je Ingila suna manya, da ilimi da manufa, kowannensu yana kallon Turai yana auna Arewa, kuma sunayen littattafansu kansu karin magana ne na kare kai, kamar suna amsa tambayar “me ya kai ka?” tun kafin a yi ta. Yaron da ba wanda ya aike shi bai da wannan nauyi a ka.

To, mu dawo yau. A littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, tafiya ta fi ta kowane zamani yawa. Jarumi yana da taro a Dubai, yana da gida a Landan, an fitar da Hajiya asibiti Indiya ko Masar, amarya da ango sun wuce Umra daga nan su zarce hutawa. Amma a duba yadda ake rubuta ta. Layi ɗaya direba ya kai su filin jirgi, layi na biyu sun sauka, na uku suna cikin wani katafaren masauki wanda bai da maraba da falon da suka baro a Abuja. Ba wanda harshe ya ɗaure wa kai a gaban jami'in shige da fice. Ba wanda ya rasa alƙibla, ko ya tsaya gaban abinci yana tunanin halaccinsa, ko sanyi ya sa shi kuka. Dubai a nan ba gari ba ce, ado ce, kamar sunan mota ko na turare. Cutar Ruwan Bagaja ce ta dawo, amma ba tare da dariyar Malam Zurƙe ba.

Ba za mu ɗora wa marubutan laifin duka ba, kuma yawancinsu mata ne masu rubutu daga cikin ɗaki, ga masu karatu da su ma ke cikin ɗaki. In aka lura da kyau, littattafan nan suna bin tsohuwar doka sau da ƙafa. Jaruma ba ta taɓa tashi haka kawai ta ce za ta ga duniya. Sai da dalili mai suna: karatu, jinya, ibada, ko bin miji. Sai da muharrami, ko a ƙirƙiro wani yaya ko kawu da ke zaune a can. In an dawo kuwa, sai an buɗe akwatuna an raba tsaraba, kuma sau da yawa wurin rabon nan ne marubuciya ke nuna gwanintarta, don a nan ake gane wace ce 'yar gaban goshi, wace kishiya aka ba turmin da bai kai na ɗayar ba. Wannan sashe suna rubuta shi da sani, domin sun rayu a cikinsa. Jirgin sama a wurin mai karatun da sai ta nemi izini kafin ta je gidan maƙwabta mafarki ne mai daɗi, ba ma raina shi. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne an riƙe farkon tafiya da ƙarshenta, an jefar da tsakiyar, alhali a tsakiyar ne mutum ke zama baƙo, a nan ne ake gwada karin maganar nan ta cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Wa ya ɗaura, wa ya ƙi, me ya biyo baya? Labari ke nan.

Kuma ba a rasa kayan aiki ba. Abdulƙadir Ɗangambo ya gwada a Kitsen Rogo, inda ya bi ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa, ko da yake wa'azin ya danne labarin, an yanke wa yaron hukunci tun kafin ya hau mota. Tun daga lokacin hanyoyin sun ƙaru, sun kuma ƙara muni. Akwai mai yankan farce da mai gyaran takalmi da ɗan acaɓa da ke kwana a shago a Ikko da Fatakwal, waɗanda suka koyi Yarbanci da Turancin buroka a titi, suna da suna biyu, ɗaya na can ɗaya na gida. Akwai matan da suka je Umra suka ƙi dawowa, suna aikatau a Jidda da Makka, ana kiransu Takari, suna ɓuya daga kame. Akwai tasha da yarenta, ɗan kamasho na rantsuwa saura mutum ɗaya alhali rabin na cikin motar zaman haya suke yi. Akwai fasinjan Abuja zuwa Kaduna da ya bar mota ya koma jirgin ƙasa don tsoron masu garkuwa, sai ga shi a ranar 28 ga Maris 2022 an tare jirgin ma. “Allah ya kiyaye hanya” da muke faɗa da baki kawai a da, yanzu da zuciya ake faɗarta, mutane sun koma fita da asuba suna lissafin inda la'asar za ta same su, wasu ba sa gaya wa kowa ranar tashinsu, abin da ya rushe sallama da rakiya gaba ɗaya. Tafiyar da ake ɓoyewa sabuwar aba ce a al'adarmu, ba mu kuma ga littafin da ya zauna ya dube ta ba.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, ƙasar da Dorugu ya fito. Sun bi kusan irin hanyar da uwar Shaihu Umar ta bi, su ma ba madugu ba maigida. Gidajen rediyo sun kira su baƙin haure, sunan da hukuma ta raɗa musu daga waje. Yadda su da kansu suka kira tafiyar a daren da suka ɗaure kaya, abin da suka gaya wa mazajensu da surukansu, da tsarabar da suka yi wa na gida alkawari, wannan aikin mai ƙagaggen labari ne, kuma shekara fiye da goma ke nan ba mu ci karo da wanda ya ɗauka ba.